Tsakani

Ganyen tumatir bai kai kaurin farce ba. Duk wanda ya riƙe shi zai rantse abu guda ne, gaba da baya, shi ke nan. Ni ma haka na ɗauka, har wata safiya ta hunturu a garkar kawuna, cikin wani kwari na ƙasar Sassumbrum, irin kwarurrukan nan da ruwa ke kusa, rake a gefe guda, albasa da kabeji a ɗaya gefen. Yana cikin ban ruwa sai ya tsaya, ya ajiye guga, ya tsinko ganye ɗaya ya miƙo mini.

"Ɗaga shi sama, ka sa rana a bayansa."

Na ɗaga. A cikin koren akwai wani fili fari-fari, kamar takardar da mai ya taɓa, haske na ratsa shi. A wani lungu na filin an tara baƙin gari kamar na gawayi. Can a bakin iyaka, inda fari ya haɗu da kore, wani abu ya motsa. Tsutsa ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kanta baƙi, tana ci tana matsawa gaba. Na shafa ganyen ta sama, 'yan gashinsa suna nan, fata ba ta yage ba. Na juya na shafa ta ƙasa, haka.

"Kawu, wai a ina take? Sama ko ƙasa?"

"Tsakani take, ɗana," in ji shi. Ya ɗauki gugansa ya ci gaba da aiki.

Tun daga ranar kalmar nan ta ƙi sakina.

Kalma ce da ba ta iya tsayuwa ita kaɗai. Ka ce wa mutum "tsakanina" ka yi shiru, za ka ga ya ɗago kai yana jira: tsakaninka da wa? Sai an sami biyu take samun wurin zama. 'Yan uwanta da suka fito tsatso ɗaya da ita sun fi ta sauƙin kai. Tsakiya ta abu guda ce, tsakiyar kasuwa, tsakiyar tabarma. Tsakar gida fili ne da ɗakuna suka kewaye, inda turmi yake, inda ake shanya, inda kishiyoyi ke haɗuwa ko suna so ko ba sa so. Akwai tsakar dare da tsakar rana. Tsaka-tsaki shi ne abin da bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba, tsaka mai wuya kuwa, wanda ya taɓa shigarta ya san ba wurin kwana ba ne. Tsakani ita daban take. Da baki ɗaya take faɗin abin da ya haɗa biyu da abin da ya raba su. Kogi yana tsakanin garuruwa biyu, aure ma yana tsakanin gidaje biyu, kuma Bahaushe bai ga dalilin neman wata kalma ba.

To ashe ganye ma biyu ne. Masana tsirrai sun nuna cewa hawa-hawa yake: akwai fata ta sama mai ɗan kakin da ke hana ruwan jikinsa ficewa, akwai fata ta ƙasa mai ƙananan ƙofofin da yake numfashi ta cikinsu. Fatun nan biyu kusan ba su da launi. Koren da muke gani duk na tsokar da ke tsakaninsu ne, kuma a nan ne tsiro ke haɗa hasken rana da ruwa da iska ya dafa abincinsa. Madafarsa ke nan, rumbunsa ke nan. Dukan kaurin bai kai rabin milimita ba, amma ya ishi wata halitta ɗaki da gado da akushi. Tana ƙyanƙyashewa daga ƙwai ta huda fatar da ƙofa wadda ido ba ya gani, ta shige, ta zauna. Sama rufi, ƙasa daɓe, gaba abinci, baya kashinta. Rana ba ta ƙona ta kai tsaye, raɓa ba ta jiƙa ta, iskar hunturu ba ta busar da ita.

Ba ita kaɗai ta gano wannan masauki ba. Masu nazarin ƙwari sun ƙirga nau'i kusan 10,000 da ke rayuwa haka a cikin ganye, wasu dangin ƙuda, wasu dangin buzuzu, wasu dangin zanzaro, mafi yawa kuwa dangin malam-buɗe-littafi. Kowanne da irin hannunsa. Siririn farin zanen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe, kamar zaren da aka yar a kan ganyen wake ko na tumatir, na tsutsar wani ɗan ƙuda ne. In ka bi shi da ido za ka ga ya fara siriri yana ƙara faɗi, don mai zanen tana girma tana tafiya, rayuwarta duka a rubuce daga ƙwai zuwa ƙofar fita. Tamu kuwa ba ta ja layi, fili take sharewa, fari mai faɗi, da baƙin gari a lungu. Manomin da ya iya karatun ganye ya san wanda zai yi haƙuri da shi da wanda zai hana shi barci. An ma sami irin wannan zane a jikin ganyayen da suka zama dutse tun miliyoyin shekaru. Mu da muke cewa zanen dutse ba ya goguwa, ga shi wata tsutsa ta riga mu.

Uwar tsutsar nan 'yar ƙarama ce ƙwarai, tsawonta milimita 6 zuwa 7, launin toka da ɗigo-ɗigon baƙi, da dogayen gashin kai guda biyu. Dangin malam-buɗe-littafi ce, amma na dare, kusa da asu mai cin tufafi a adaka. Na jima ina tunanin sunan nan da yara suka raɗa wa danginta. Wancan na rana yana sauka a kan fure ya buɗe fikafikai ya rufe, kamar malami da shafukansa. Wannan ba ta buɗe nata littafin a gaban kowa. Ta naɗe fikafikanta a gadon baya, ta lafe a ƙarƙashin ganye wuni guda, sai magariba ta tashi. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har 260, ɗaya-ɗaya, galibi a bayan ganye, kowanne bai kai rabin milimita ba. Kwana huɗu ko biyar ya fashe. Tsutsar ta yi saɓa sau uku tana girma, daga fari-fari zuwa kore-kore, a ƙarshe bayanta ya yi ɗan ja. In ganye ya ƙare ta fita ta shiga wani, ko ta huda kara, ko ta shige ɗan tumatir ta ƙarƙashin hularsa, inda ruɓa ke biyo ta. In ka taɓa ta a waje sai ta saki jiki ta yi lilo da zaren bakinta. Daga nan ta naɗe kanta, a ƙasa ko a jikin ganye, ta fito da fikafikai. A wurin da zafi ya kai maki 27, duk wannan zagaye kwana 24 ne kacal. A sanyin maki 14 yakan kai kwana 76. A shekara guda ana iya samun zuriya 10 zuwa 12. In babu tumatir ta fake a gauta, ko dankalin Turawa, ko gautan kaji da ke tsirowa a bakin garka ba wanda ya shuka shi.

"Na fesa, na sake fesawa," in ji kawu, "kamar wanka nake yi mata."

Gaskiyarsa. Maganin yana sauka a kan fata, ita tana ƙarƙashin fata. Wanda ya iya ratsawa ya kashe wasu, 'yan kaɗan da suka tsira su haifi masu taurin rai irinsu, kuma da yake zuriya na bin zuriya wata-wata, kafin a daɗe maganin da ya yi aiki bara ya zama ruwa bana. An ga haka a Brazil, an gani a Italiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne feshin yana samun waɗanda ke waje sarai: gizo-gizo, ƙananan ƙwarin da ke shan ƙwan tsutsar, ƙudan zuma, da mai feshin kansa da ba shi da abin rufe hanci. Masu taimako suna fili, mai ɓarna tana ɗaki.

A nan ne kalmar ta juyo mini da ɗaya fuskarta. Shiga tsakani. 'Yan uwa biyu sun tashi za su raba gandu da sanda, dattijo ya zo ya zaunar da su, muka ce ya shiga tsakani, Allah ya saka masa. Miji da mata suna zaune lafiya, magulmaciya ta yi ta safa da marwa da maganganu har aure ya mutu, muka ce ta shiga tsakaninsu, Allah ya isa. Aiki ɗaya, kalma ɗaya, ƙofa ɗaya. Dillalin kasuwa yana tsakanin mai kwando da mai kuɗi, wani ya sa kowa ya tafi da fara'a, wani ya ci nan ya ci can. Alƙalin kokawa yana tsakanin ƙarti biyu don kada wasa ya zama gaba. Idan abin ya fi ƙarfinmu sai mu ɗaga hannu mu ce Allah ya shiga tsakanin nagari da mugu. Mun kuma san ko tsakanin harshe da haƙori ana saɓawa, alhali ba maƙwabtan da suka fi su kusa. Kusanci bai taɓa kawar da tsakani ba. Siranta shi kawai yake yi, kamar na ganye, kuma mun ga siririn wuri ma yana ɗaukar baƙo.

Akwai karin maganar da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na yarda da ita shekara da shekaru, har ganyen nan ya sa na sake dubawa. Bangon ganye bai tsage ba. Lafiyayye ne, ɗanye shar, kuma lafiyarsa ce ta jawo uwar tsutsa, don ƙamshinsa take bi. Wani lokaci gidan da aka shiga bai yi laifin komai ba illa yana da abin ci. Ina ganin ya kamata a riƙa tuna wannan kafin a ɗora wa wanda aka cuta laifin sakaci.

Mawaƙa sun san darajar wannan wuri fiye da kowa. Saurari makaɗin gargajiya da 'yan amshinsa: ya ja baiti ya saki, kafin su karɓa akwai wani ɗan fili, numfashi guda, inda kalangu ko kotso ke faɗin nasa. Wanda bai iya ba yakan cike filin da sauri, waƙar ta shaƙe. Gwani kuwa yana barin sa, kuma a nan ne tsikar jikin mai sauraro ke tashi. Masu waƙar soyayya na zamani ma da wuya su gama ba su ambaci abin da ke tsakaninsu da masoyiya ba, da maƙiyan da ke son shiga. Su ma sun gane cewa so yana zaune ne a filin da ke tsakanin mutum biyu, ba ya cikin aljihun ɗayansu.

Tsakanin tumatir da tsutsar nan akwai tsohuwar sanayya. Dukansu 'yan yankin duwatsun Andes ne, a Kudancin Amurka. Wani Bature ɗan Ingila, malamin makaranta mai suna Edward Meyrick, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen bayyana ƙananan ƙwarin nan dubbai, shi ya fara rubuta kamanninta a 1917, daga wadda aka kamo a Huancayo ta ƙasar Peru. Sunan da ta fi shahara da shi a littattafan kimiyya shi ne Tuta absoluta. Tumatir ya riga ta fita duniya: mutanen Sifen suka ɗauko shi daga Meziko a ƙarni na 16, ya bi Turai, ya bi Afirka, har ya shiga tukunyar miyarmu ya zauna kamar a nan aka haife shi. Wajen shekara ɗari biyar teku na tsakaninsu. Sai a ƙarshen 2006 aka gan ta a gabashin Sifen, ta ƙofar da shi ya bi. A 2008 tana Maroko da Aljeriya da Tunisiya, a 2012 Senegal, a 2013 Nijar, a 2015 Najeriya. Ta tarar da tsohon abincinta shimfiɗe kadada-kadada, kuma ta baro yawancin maƙiyanta a gida.

Shekarar 2016 ba ta fita daga ran masu noman rani. Manoman Kano suka sa mata suna sharon, 'yan jarida suka ce Ebolar tumatir. A watan Mayu gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote da ke Kadawa ta tsayar da aiki don babu abin markaɗawa, kuɗin kwando ya ninka ya sake ninkawa, mata suka koma wa kauɗa da na gwangwani. Duk wannan daga halittar da za ta zauna a kan farcen ɗan yatsa ta bar wuri.

Mu mutanen Sassumbrum ba baƙin tsakani ba ne. Ƙasarmu ta jingina da iyaka. Sarautar Magariya da ta Zango da ta Ɓaure duk daga gidan Daura suka fito, sannan Faransa da Ingila suka zo suka ja layi, tawagar Tilho da O'Shee ta bi tana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908, aka wayi gari wa yana wata ƙasa ƙane yana wata. A kasuwanninmu naira da sefa suna kwana a aljihu ɗaya. An rufe iyakar a 2019, an sake rufewa a 2023, kowa ya ji a jikinsa. Amma kwandon tumatir da dashen da ake sayowa da iskar dare suna ƙetarawa, ita kuma tana cikinsu. Garkar da ke wannan gefe da lambun da ke wancan gefe ciwonsu ɗaya. Wanda ya tumɓuke tsohuwar shukarsa ya ƙone bayan girbi ya taimaki maƙwabcinsa na ƙetare da bai taɓa gani ba. Wanda ya bar ta tsaye ya yi masa kiwon baƙi.

Kafin sharon, ƙasar nan ta san wata mai irin wannan hali, kuma tata ɓarnar ta fi kusa da ciki, don gero take taɓawa. Murzuna. Kunnena yana jin murza a cikin sunan, kuma duk wanda ya ga zangarniyar da ta bi zai gane: wata hanya ce ta kewaye zangarniyar tana hawa kamar an murɗa igiya, inda tsutsar ta bi tsakanin ƙwaya da kara tana yanke 'yan wuyan fure, ƙwayar ta zube ko ta ƙi cika. Ita ma uwarta mai tashin dare ce. 'Yar gida ce, ta Sahel, amma sai bayan farin 1972 zuwa 1974 ta zama annoba. Zuriya ɗaya take yi a shekara. In ta ƙoshi a ƙarshen damina sai ta sauka ta nutse cikin rairayi, ta naɗe kanta, ta kwanta. Kaka ta wuce, hunturu ya wuce, bazara ta gasa ƙasa, tana nan a ƙarƙashin sawun shanu, ba ci ba sha, har ruwan wata daminar ya jiƙa ta ya tashe ta. Duk lokacin da na tuna wannan kwanciya sai kalmar barzahu ta faɗo mini, wadda malamai suka koya mana a kan zaman da ke tsakanin mutuwa da tashi, wadda kuma ta zo a Suratur Rahman a kan shamakin da ke tsakanin tekuna biyu. Ba ina kwatanta tsutsa da ɗan Adam ba ne. Ina dai mamakin yadda aka ajiye misalin a ƙarƙashin gonarmu, muna takawa kullum.

Ita murzuna an samo mata mai shiga tsakani, na kirki. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, da bai fi ƙwayar riɗi ba da yawa. Macen tana bin tsutsar har cikin hanyarta, ta harbe ta ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yanta su cinye ta. Dama yana nan a dajinmu, sai dai yakan makara, ya yi yawa bayan an gama ɓarna. Masu binciken noma na cibiyar INRAN a Maradi, tare da na ICRISAT da na jami'ar Maradi, suka koyi kiwonsa. Ɗan buhun algarara ake samu, a zuba gero da gari, a sa tsutsotsi 25 na wani asu mai cin hatsin rumbu, a sa matan ƙwaron guda 2, a ɗaure, a rataye a reshen itace ko a jikin rumbu daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Bayan mako guda da 'yan kwanaki sababbi su riƙa fitowa ta ramukan saƙar buhun suna bazuwa cikin gonaki. Ƙauyuka da dama na Maradi da Damagaram sun ga amfaninsa. Abin da ya burge ni shi ne ƙanƙantarsa ce ƙarfinsa. Wurin da famfon feshi bai isa ba, shi ya isa, don ya dace da ƙofar. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga sharon ma, abin da ya fi aiki ba shi da hayaniya. Kwano da ruwan sabulu, a rataye masa ɗan robar da ke fitar da ƙamshin mace, mazan su taru su faɗa. Ruwan 'ya'yan bedi da aka daka aka jiƙa. Tsinke ganyen da ya kamu tun yana ɗaya-ɗaya. Hutar da fage daga tumatir da gauta na wani lokaci. Duk aiki ne na duba da haƙuri, aikin da babu mai gani, irin wanda muke cewa a yi shi tsakani da Allah. Wannan ma wani abin lura ne. Idan magini ya ce zai yi maka aiki tsakani da Allah, ya cire ka daga lissafi ke nan, ya sa Mahalicci a ɗaya gefen, don ya san akwai cikin bango da idonka ba zai taɓa kaiwa ba.

Akwai wata magana da nake jin nauyinta yanzu fiye da da: babu komai tsakaninmu. Mutum biyu da aka sasanta sukan faɗe ta, ma'ana gaba ta wuce, zuciya ta yi fari. Mutum biyu da suka rabu har abada su ma ita suke faɗa. Na san wani gida da wa da ƙane ke gaisawa kowace safiya, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ba a tsallake ko ɗaya. Ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba. Amma an daina aiko da tuwo, yara sun daina kwana ɗakin juna, in ɗaya ya yi rashin lafiya a bakin maƙwabta ɗayan ke ji. Fatar sama tana nan, fatar ƙasa tana nan, ba inda ya yage. Wanda ya ɗaga su ya sa rana a bayansu ne kaɗai zai ga haske na wucewa. Kuma mai cin ta daɗe da fita. A yawancin ganyayen da na ɗaga daga baya, fili kawai na samu da baƙin gari, babu kowa a ɗakin.

Da la'asar na koma garkar. Kawu yana tsugune a bakin fage da tsohon buhu, yana bin shukar ɗaya bayan ɗaya, ya juya ganye, ya duba, ya wuce. Wanda farin ya yi yawa ya tsinke ya jefa a buhu. Wanda filin bai fi ƙwayar wake ba sai ya sa babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, ya matsa a hankali, ya bar ganyen a jikin uwarsa, don sauran koren yana da aikin yi. Na tsuguna kusa da shi na fara daga ɗaya bakin. Hannuna ya yi kore, ƙamshin ganyen ya kama yatsuna. Da rana ta sunkuya bayan gawo, na taɓa wata shuka, sai wasu 'yan toka-toka guda uku ko huɗu suka tashi daga ƙarƙashinta, suka yi ɗan kewaye a ƙasa-ƙasa, suka sake shigewa cikin ganye.

"Gobe ka zo da wuri," in ji kawu. "Sauran fage shida."